Hanyar lissafin matsi tsakanin abubuwa biyu masu lotsawa

Ka tambayi hanyar da ta fi dacewa wajen lissafin matsin da ke tsakanin abubuwa biyu masu lotsawa su koma siffarsu idan an danna su da juna. Tushen wahalar shi ne ba a san iyakar wurin da suka taɓa juna ba sai an gama lissafin. Masanin kimiyya Heinrich Hertz ya warware batun a 1882, amma ga siffofi masu santsi marasa goga (wato tirjiyar da ke hana zamewa) kawai.

Idan babu goga, ana mayar da matsalar zuwa neman mafi ƙarancin makamashi bisa sharuɗɗa uku: kada abu ya shige cikin ɗan'uwansa, matsin ya zama na turi kaɗai, kuma inda akwai tazara matsi ya zama sifili. A cikin hanyoyin cika waɗannan sharuɗɗa, hanyar tara ta fi sauƙin rubutawa a kwamfuta, domin tana barin ɗan shigewa kaɗan sannan ta hukunta shi, sai dai idan adadin tarar ya yi girma lissafin yakan rikice, idan kuma ya yi ƙanƙanta amsar takan kauce. Hanyar Lagrange, wadda ke neman matsin kansa kai tsaye a cikin lissafin, tana cika sharuɗɗan daidai, amma tana ƙara yawan abubuwan da ake nema.

Ni dai ina ba ka shawarar hanyar da ta haɗa biyun, wadda masana lissafi Hestenes da Powell suka gabatar a 1969, domin tana kai wa ga amsa ba tare da tara mai yawa ba. Idan gogar Coulomb, wato gogar da iyakar ƙarfinta ke ƙaruwa daidai da matsin, ta shigo, matsalar ta daina zama neman ƙarancin makamashi zalla, dole ka riƙa maimaita lissafin kana sabunta matsin.