Za mu koma sabuwar manhaja: sai mun yi gwaji tukuna?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon sari na kayan masarufi a kasuwar Muda Lawal da ke Bauchi, da reshe a Azare. Wanda ya sa mana manhajar lissafi ya ce mu koma sabon samfurinta, wai dare ɗaya ya isa. Shin akwai buƙatar gwaji kafin nan?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Akwai buƙata ƙwarai, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗora manhajar kam ba ya cin lokaci. Inda ake samun matsala shi ne wajen kwaso tsofaffin bayanai a zuba a sabon tsari.

A nemi wata kwamfuta daban, a sa mata sabuwar manhajar, a juye mata kwafin bayananku na ainihi. Kada ka yarda da bayanan misali da ke zuwa da manhaja. Su tsaf suke, naku kuwa shekaru sun cika su da sunan abokin ciniki ɗaya sau biyu, da kayan da aka shigar yau da katan gobe da dozin. Da an gama juyewa, akantanka ya kwatanta tsohuwa da sabuwa: bashin da kuke bi, wanda ake bin ku, kayan da ke sito, da kuɗin da ke hannu. Ko naira ɗaya ce ta bambanta, a nemo dalili. Sau da yawa ƙaramin bambanci kurakurai biyu ne manya suka kusa shafe juna.

Sannan yaran shago su zauna da kansu su yi cinikin yini guda na ƙarya: sayarwa, bashi, dawo da kaya, tura kaya Azare, buga rasit, cire harajin VAT na kashi 7.5. A zare wayar intanet ana tsakiyar aiki, a kashe wuta, a ga abin da zai faru da rasit ɗin da ke kan hanya.

Abin da na fi damuwa da shi, kuma aka fi tsallakewa, shi ne gwada komawa baya. A dawo da tsohuwar manhajar daga kwafin ajiya, a duba agogo a ga awa nawa ya ci. A Afrilun 2018 bankin TSB na Birtaniya ya kwashe abokan hulɗarsa zuwa sabon tsari, mutane da yawa suka yi makonni suna fama da shiga asusunsu, a 2022 hukumomi suka ci shi tarar sama da fam miliyan 48.

Ranar sauyin kada ta faɗo ƙarshen wata ko daf da Sallah. Mai manhajar ya kasance a shago da safen farko, tsohuwar kuma a bar ta don dubawa kawai har a rufe lissafin wata guda.