Amsa ga 'yar uwar da ta yi tambaya kan yarinyarta

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kin ce yarinyarki mai shekara 7 ta koma fitsarin kwance bayan ta daɗe da dainawa, kuma da an aike ta shagon bakin layi sai ta fashe da kuka. Don Allah ajiye bulalar nan tukuna.

Na daɗe ina koyarwa a islamiyya nan Agege. Fitsarin kwance shi kaɗai ba hujja ba ne cewa ana lalata da yarinya, ciwon sanyi ma yana kawo shi, amma in ya haɗu da tsoron wani mutum guda ko wani waje guda, to fa a tsaya a duba. Akwai wata ɗalibata mai surutu kamar aku, kawai sai ta yi tsit, ta koma ƙarshen tabarma, zama ma a karkace take yi, in ta shiga bayi ta fito da hawaye. Rannan na ga ɗari biyar ƙulle a gefen hijabinta, na ce wa ya ba ki, ta ce an ce kar ta faɗa. Wallahi nan take jikina ya mutu. Ashe maƙwabcinsu ne, wanda uwar ke bar masa ita in za ta sari kasuwar Mile 12, kin dai san gidajen hayarmu, ɗaki na kallon ɗaki, kowa kawu ne.

Ki lura da ƙaiƙayi ko jini a wando, firgita cikin barci, maganar manya da ta fi ƙarfin shekarunta, tabo a cinya ko gadon baya. Yara maza ma ana taɓa su, kar a manta.

Ki ja ta ɗaki ku biyu, a hankali, ki ce duk abin da ta faɗa ba za ki dake ta ba, kar ki sa mata sunan kowa a baki. In ta faɗi wani abu ki yarda da ita, kar ki yi mata wanka ko ki wanke kayan, ku wuce Mirabel Centre, cibiyar kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe, da ke asibitin koyarwa na LASUTH a Ikeja, kyauta suke dubawa, kuma maganin kariya daga HIV sai cikin awa 72 yake aiki. Hukumar DSVA ta jihar Legas, mai yaƙi da fyaɗe da cin zarafi a cikin gida, ita ma aikinta ke nan, ko ki kira 112.

Za a zo miki da maganar a rufa asiri a sasanta a gida, don Allah kar ki yarda. Ita waccan yarinyar, da aka bincika ba ita ce ta farko ba a gidan.