Ta ina zan fara bin sawun kanel da manhajoji a Linux?

Tambaya: Salam Malam. Ni ɗalibi ne a BUK, na rubuta wata manhaja da Python a kan Ubuntu, haka kawai sai ta tsaya cak kamar sakan goma sannan ta ci gaba. Wani ya ce in koyi eBPF. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanina. Wanda ya ce maka eBPF bai yi ƙarya ba, amma ya ɗora maka kaya tun ba ka naɗa gammo ba.

Ka fara gane wannan tukuna, manhajarka ba ta iya buɗe fayil ko tura saƙo ta intanet da kanta, dole sai ta roƙi kanel, wato zuciyar Linux, shi ke riƙe da faifai da mamori da komai, to bin sawu kawai ka zauna ne a bakin wannan ƙofar kana rubuta me aka roƙa, me aka amsa, kuma sakan nawa aka jira.

Saboda haka strace, kayan aikin da ke nuna maka waɗannan roƙe-roƙen, za ka fara da shi. Ka buga strace -f -T python3 sai sunan fayil ɗinka. Wannan -T ɗin zai nuna maka lokacin da kowane roƙo ya ci a ƙarshen layi, shi kuma -f yana bin 'ya'yan da manhajar ta haifa. Rubutu zai zubo maka kamar ruwan Agusta, kar ka tsorata, ka lura kawai da layin da ya tsaya a kai sanda ta daskare. Ni dai zargina zai faɗa kan connect ko poll ko recvfrom, wato netwok take jira, kuma ka san yadda netwok ke yi mana a garin nan. In kuma ka ga futex, to wani zare ne, wato ɗaya daga cikin ayyukan da manhajar ke yi a lokaci guda, ke jiran ɗan'uwansa ya saki makulli.

Amma don Allah kar ka ɗora strace a kan sabar da mutane ke aiki da ita. Da ptrace yake aiki, wato hanyar da kanel ya bayar ta sa ido a kan wata manhaja, yana tsayar da manhaja a shigar kowane roƙo da fitarsa, sai ta koma tafiyar hawainiya.

In ba ka ga jira a wurin kanel ba, to furosesa ce ke cin wuta, nan sai perf top, mai nuna maka abin da ke cinye lokacin furosesa, tun 2009 yake cikin Linux. Cikin kanel kansa kuwa akwai ftrace na Steven Rostedt, mai bin sawun ayyukan kanel, yana nan a /sys/kernel/tracing.

Sai bayan hannunka ya faɗa za ka zo kan eBPF, wanda ya shigo a Linux 3.18 a 2014, inda kanel ke tantance ƙaramin shirinka kafin ya bari ya yi aiki a cikinsa. Ko a nan ma kar ka fara da rubuta naka, ka gwada execsnoop da opensnoop na bcc, wato tarin kayan aikin eBPF da aka riga aka rubuta, tukuna: na farko yana nuna manhajojin da ake tayarwa, na biyu fayilolin da ake buɗewa.

Ka turo min layin da strace ya tsaya a kai mu duba tare.