Amsa ga amaryar da za a kawo Agege: kafin a miƙa wa kafinta kuɗin kayan ɗaki

Assalamu alaikum. Ƙanwata da kika turo cewa bayan Babbar Sallah za a kawo ki Agege, ango ya kama ciki da falo a ƙasan bene, kina tambaya ko a yi miki kayan ɗaki a Kano a ɗoro a mota ko a bari a yi a nan Legas, da kuma wane yayi ake yi yanzu. Wallahi tun bayan sallar asuba na karanta, na ajiye wayar, na sake ɗauka. Ji na yi kamar ni ce na rubuta shekarun baya. Na ga 'yan'uwa sun cika ki da hotunan gadaje da kujeru, Allah Ya saka musu da alheri, amma ban ga wadda ta yi miki maganar danshi ba, shi kuwa shi ne ya sa ni kukan da ban taɓa yin irinsa ba a gidan aure.

Ni ma ƙasan bene aka kawo ni, ƙarshen 2016, cikin hunturu. Ɗaki a bushe ƙamas, sabon fenti sai ƙyalli yake. Innarmu filin da ta gada ta sayar, ta haɗa da tumakinta, don kada a ce 'yarta ta je Ikko da kayan kunya. Aka kai ta wurin wani kafinta da ake ta yabo, ba zan kama sunansa ba, shi da Allah. Ina tsaye a shagon ya buga murfin wadirof da hannu ya ce, "Hajiya, wannan HDF ne na waje, ko a rijiya aka jefa shi ba abin da zai same shi." HDF wani allo ne na garin katako da aka matse sosai. Ya yi rantsuwa har sau uku. Inna ta kwance bakin zani ta ƙirga masa kuɗi ba ta rage ko sisi ba, har tana sa masa albarka.

Tun a hanya aka fara. Tafiyar kusan kilomita 1,000 ce, ko ta Mokwa da Jebba aka bi ko ta Lokoja, kwana biyu kayan suna jijjiga a bayan babbar mota. Suka iso gefunan duk sun ɓantare, madubi ya tsage. Kan gadon nan mai tsayi ya ƙi shiga ƙofa, dole aka kwance shi, da aka zo mayarwa kusoshin suka ƙi kamawa, sai juyawa suke a rami. Gwaggonnina 'yan jere suka ce ba komai, aka tokare shi da bango aka ɗauki hoto. Wannan tokarewar da bango ita ce kuskure na biyu.

Ruwa ya sauka a Afrilu. Na fara jin wani wari a ɗaki, irin na rigar da aka naɗe ba ta gama bushewa ba. Na yi ta turaren wuta safe da yamma, na ƙarar da humra, wari yana nan. Durowa ta fara cijewa. Sai daren nan na watan Yulin 2017, kwanakin da ruwa ya mamaye Lekki da Victoria Island. Mu ba mu kai haka ba, kwatar layinmu ce ta cika ta tumbatso ta ƙarƙashin ƙofa, ruwan iyakarsa idon sawu. Maigida ya tafi arewa ɗauko kaya, ni kaɗai ga tsohon ciki, ga babu wuta. Ina kwasar ruwa da bokiti ina haska fitilar waya, sai na ji ƙara a bayana. Murfin wadirof ne ya saki ya faɗo. Gindinta ya sha ruwa ya kumbura kamar burodin da aka tsoma a shayi, na danna da yatsa yatsan ya nutse.

Da gari ya waye maƙwabta suka taya ni janye ta daga bango. Ƙanwata, bayanta gaba ɗaya fumfuna ne, kore da baƙi, kamar an shimfiɗa bargo. Ba ruwan daren ba ne ya yi wannan, wata da watanni yana ci ban sani ba. Na fara fito da kayan lefe ɗaya bayan ɗaya. Atamfofin da ko ɗinkawa ban yi ba sun yi ɗigo-ɗigo baƙi, leshi ya manne da juna, jakunkuna da takalma sun yi fari fat. A can ƙasa akwai wani zanen saƙi na kakarmu da Inna ta ba ni ranar da za a tafi da ni, ta ce in adana wa 'yata. Na ɗaga shi ya rabe biyu a hannuna. Na zauna a jiƙaƙƙen tayil ɗin nan na rungume shi, ban san tsawon lokacin da na yi ba, sai ji na yi ana kiran azahar.

Na kira kafintan muryata tana rawa. Kin san abin da ya ce? "Hajiya, ai ni ban ce ki ajiye shi a cikin kogi ba." Na tuna masa maganar rijiya, ya ce ai maganar kasuwa ce, kayan da ya bar shago ya bar hannunsa. Na sake kira ya kashe, na uku ya toshe lambata. Daga baya maigida ya kawo wani kafinta daga Mushin, ya ɓalli gefen ya murtsuke a tafin hannunsa ya nuna mana. Ba HDF ba ne, ko MDF, ƙaninsa da ba a matse sosai kamarsa ba, bai kai ba, cifbod ne, ɓarɓashin katako da aka cakuɗa da gam aka danne, aka lulluɓe da leda mai sheƙi. Mafi arha a kasuwa, a kuɗin mafi tsada. Tsohuwa ta sayar da gadon ubanta, ka dube ta ido cikin ido ka rantse. Da Inna ta zo suna na rufe gindin gadon da dogon zanen gado, wadirof kuma na ce mata an kai gyaran murfi. Har Allah Ya karɓi ranta ban faɗa mata ba. Na sha cewa na yafe, amma duk ranar da na ji warin fumfuna sai fuskar mutumin nan ta dawo mini.

Ki yi haƙuri na ja ki da nisa. Ni dai in ƙanwata ce ke uwa ɗaya uba ɗaya, cewa zan yi a yi kayan katakon a nan, a kawo miki na kicin da zannuwan gado da sauran ƙananan kaya daga gida. Na san Mama za ta ji nauyi, za ta ce me za a nuna wa dangi. Ki lallaɓa ta. A turo kawu ko yaya da kuɗin, ya sauka a Mushin inda ake sayar da allunan, ya saya da hannunsa ya kai wa kafinta, a biya shi kuɗin aiki kawai. Allon ƙafa 4 ne da ƙafa 8, a nemi mai kaurin milimita 18. Kada a duba fuska, bakin allon za a duba inda aka yanka. Filawud za ki ga hawa-hawa kamar shafukan littafi, MDF sumul yake kamar kwalin da aka matse, cifbod kuwa tsakuwa-tsakuwa. Wanda ya fi jure ruwa shi ne marin bod, yana da tsada, amma ko gindin wadirof da wurin wanke-wanke kaɗai a yi da shi. MDF in ya sha ruwa ya kumbura ba ya komawa, kuma ba ya riƙe kusa karo na biyu. Sannan duk bakin da aka yanka a rufe shi da tef, har wanda ido ba ya gani, don ta nan ruwa yake shiga.

Ko katako na gaske ne, wanda ya bushe a iskar Kano in ya zo nan sai ya sha laima ya buɗe, shi ya sa durowa take cijewa. Na nan kuma matsalarsa ɗanye. Duk wadda ta taɓa bin gadar Third Mainland ta san gumaguman da aka daɗe ana jiƙawa a ruwa ta wajen Oko Baba, to in aka yanka aka yi miki gado da shi bai bushe ba, wata uku ya karkace. Gadon da nake kai yanzu na loko ne, iroko suke ce masa a nan, ba ado ba komai, ya ga ƙaura biyu ko motsi ba ya yi. Maɗaci ma yana da kyau. Obeche kuwa fari ne mara nauyi, ƙwari suna son sa, kada a shafa masa kala a ce miki maɗaci ne. Ki ɗaga ki ji nauyi.

Af, kafin ma maganar katako, ɗakin. Don Allah ki sa ango ya koma ya duba gindin bango, daga ƙasa zuwa kamar ƙugu. In fenti yana kumbura yana ɓarewa, ko wani farin gari kamar gishiri yana fitowa, rima ce, daga ƙasa take hawa, fenti ba ya maganinta. Sabon fenti a gidan haya ni yanzu tsoro yake ba ni. Ya duba katangar waje ko akwai layin da ruwa ya bari. Ya duba ko titi ya fi tsakar gidan tudu, don gidaje da yawa an ɗaga titinsu an bar su a rami. Kada ya tambayi ejan, wato dillalin gidan, kada ya tambayi mai gida, ya tambayi mai shagon bakin layi. Damunar nan ba irin tamu ba ce, daga Afrilu zuwa Yuli ake yi, Yuni ya fi tsanani, a ɗan sarara a Agusta, a dawo Satumba da Oktoba. Ko ba a ruwa iskar kanta a jiƙe take.

Wata dattijuwa Bayarabiya da muka zauna gida ɗaya, Alhaja muke ce mata, ita ta shigo ranar nan ta ɗaga ni daga ƙasa, ta kwashe atamfofin ta jiƙa da ruwan khal ta shanya, wasu suka dawo. Ita ta koya mini komai ya tsaya da ƙafafunsa. Gado, kujera, wadirof, kowanne a yi masa ƙafa kamar inci 6, yadda tsintsiya da iska za su wuce ta ƙasa, a kuma bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da bango. Ta sa na zuba gawayi a tsohuwar safa na ajiye a lungunan wadirof, da kafur, in rana ta fito in buɗe murafen duka. Allah Ya saka wa matar nan da Aljanna, mutanen da muke zuwa da tsoronsu daga gida wani lokaci su ne suke zame mana iyaye.

Maganar yayi kuma, na ga an turo miki gado mai katon kai da maɓallai da fitilu. Ɗakunan ciki da falo na Agege ƙanana ne, gado mai ƙafa 6 da 6 in ya shiga da wadirof da madubi, wurin shimfiɗa sallaya ma sai kin nema. Ki sa a auno ɗakin da faɗin ƙofa da tef kafin a yanka ko allo ɗaya. Kujerun ledar nan masu kama da fata, zafi da gumi suna sa su ɓarewa kamar ƙaiƙayi, karan-miski kuma yana riƙe wari. Ki nemi yadi mai ƙarfi wanda ake zare rigar a wanke. Kafet daga bango zuwa bango kada ki soma a ƙasan bene, ƙaramin na tsakiya ya isa, wanda za ki naɗe ki fitar rana. Takardar bango ita ce ta fi ba ni haushi, kyau wata shida, fumfuna yana girma a bayanta ba ki gani. Fenti mai haske wanda ake gogewa da tsumma ya fi miki, yana ƙara wa ɗaki faɗi a ido. Labule ki je kasuwar Tejuosho a Yaba ki zaɓi mara nauyi. In ɗakin yana da taga biyu suna kallon juna, kada ki toshe ɗaya da wadirof kamar yadda na yi. Ki duba tsofaffin gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa na Ebute Metta, dogon rufi, faffaɗar baranda, tagogi ta ko'ina, waɗanda suka gina su sun san garin da suke ciki.

Silin ɗin POP, wato na filasta mai ado, da su fitilun ɓoye, ki bari sai kun gina naku, in sha Allahu. A nan kuɗin shekara ake biya, shekara tana zagayowa mai gida ya ƙara, ko ya ce ɗansa zai yi aure. Mun bar ƙarfen labule da tayil ɗin kicin da muka sa da kuɗinmu a gidan farko, ko na gode ba a ce mana ba, kuɗin ajiyar da aka karɓa na ɓarna ma har yau ba mu gan shi ba. Duk abin da ba za ki iya kwancewa ki sa a mota ba, ki ɗauka kyauta kika yi.

Kayan lefenki kuma, roƙonki nake, kada ki jera su duka a wadirof don masu zuwa ganin ɗaki. Waɗanda ba ki ɗinka ba ki sa a manyan robobi masu murfi, ki ɗora a sama. Abin da Mama za ta ba ki na tarihi ki bar shi a Kano tukuna, sai kin ga damuna ɗaya ta wuce a ɗakin.

Ki faɗa mana ta wane ɓangaren Agege ne, ko ta Zango ne ko ta wajen Oko-Oba, akwai 'yan'uwa a nan da suka san layin da ruwa yake kwanciya. In ango ya je, ya ɗauko hoton gindin bangon nan da bayan ƙofar banɗaki ki sako mana mu gani. Allah Ya sa a yi biki lafiya, Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba.