Tambayi Sista: Zakami a Cikin Zoɓo

TAMBAYA: Assalamu alaikum Hajiya Sista. Ɗana mai shekara 19 ya tafi bikin abokinsa. Bayan isha'i wasu yara sunka kawo shi bisa babur, sunka aje shi ƙofar gida sunka tsere. Yana ta kamun abu cikin iska kamar mai tsintar auduga, yana hira da kakansa da ya daɗe da rasuwa, yana tuɓe riga. Jikinsa zafi rau, amma ko ɗigon zufa babu. Munka ɗaure shi, malam ya yi ruƙiyya har asuba. Sai da mararsa ta kumbura don rashin fitsari sannan munka kai shi asibiti anka sa mishi roba. Yanzu ya warware, amma bai tuna komai ba sai zoɓon da ya sha, kuma yau kwana huɗu ba ya iya karatu, ya ce rubutu haɗewa yake yi. Iska ne, ko wani abu anka ba shi? Kuma taɓin hankali zai bi shi?
Wata uwa daga Ƙaura Namoda

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Sannu da jinya, Allah ya ƙara afuwa. Abin da kika lissafa, tun daga kamun iska har riƙewar fitsari, alamun zakami ne ɗaya bayan ɗaya, kuma na gan su fiye da yadda nake so a shekarun da na yi a ɗakin gaggawa.

Kin san shukar. Ita ce mai fitowa a juji da kango da bayan katanga, furenta fari ko mai shuɗi-shuɗi kamar bakin kakaki, 'ya'yanta kewayayyu masu ƙaya. Wasu na ce mata haukata-yaro, wasu babba-jibji, a littafin likita kuma Datura. Abin da ke cikinta mun san shi sarai, domin muna aiki da shi: atrofin da hayosin. Atrofin shi ne allurar da muke yi wa wanda ya sha fiya-fiya, shi ne kuma ake ɗigawa a ido don buɗe ƙwayar. Amma a asibiti da sirinji ake auna shi, a rubuta a kati, ana duba bugun zuciya. A cikin zakami babu mai aunawa. Tushe biyu a juji ɗaya ba ƙarfinsu ɗaya ba. Na damina daban, na rani daban, ganye daban, iri daban. Yaron da ya zuba a bokitin zoɓo don a yi dariya, shi kansa bai san abin da ya zuba ba, kuma wanda ya kwashi na ƙasan bokiti ba daidai yake da wanda ya sha na sama ba. Shi ya sa biki ɗaya, wani ya kwana yana surutu, wani a wayi gari ana masa wanka.

Wannan sinadari yana toshe saƙon da jijiyoyi ke aikawa zuwa ga gumi da yawu da mafitsara da ƙwayar ido. Baki ya bushe ƙayau, zuciya ta yi gudu, ido ya buɗe baƙi ƙirin, fitsari ya tsaya, ƙwaƙwalwa ta rikice har mutum ya daina bambance mafarki da farke. Kakan da ya gani, a wurinsa yana nan zaune. Aikin zakamin yakan fara cikin rabin awa zuwa awa ɗaya, ya kwana ɗaya ko biyu, wani lokaci fiye.

Rashin zufar nan ita ce ta fi ba ni tsoro. Zufa ce fankar jiki. A garuruwanmu da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, jikin da ya daina gumi tamkar tukunya ce a kan murhu an rufe. Akwai wani yaro da ban manta ba, bai kai ɗanki ba. An kulle shi a shago mai rufin kwano, an ɗaure shi da igiya wuni guda yana fizge-fizge, don iyaye na gudun maƙwabta su ji. Da aka kawo mana shi fatarsa na ƙona hannu, ɗan fitsarin da ya fito kamar ruwan shayi, alamar naman jiki ya narke ya toshe ƙoda. Mun yi abin da za mu iya, bai kai safe ba. Uwarsa ta riƙe hannuna tana cewa da ta sani. Har yau in na bi ta wajen juji na ga furen nan, ita nake tunawa.

Don haka, ga ke da duk mai karatu: ranar da aka ga irin wannan, a nufi asibiti a daren, kada a jira asuba. Ban hana addu'a ba, ni ma ina yi a kan majinyatana, amma a yi ta cikin mota. Kafin a isa, a rage masa tufafi, a riƙa goga masa tsumma mai ruwa ana fifita. Kada a ɗaure shi tamau, mutum biyu su tsare shi da magana mai taushi, a kawar da wuƙa, a rufe rijiya. In barci ya ɗauke shi a kwantar da shi ta gefe. Kuma don Allah kada a aika kemis a ce a ba da maganin barci. Piriton da Phenergan da Largactil duk suna da irin aikin zakami, ƙara wa wuta fetur ne. Haka ƙwayar Exol da yara ke haɗiya, danginsu ɗaya. Farasitamol kuwa ba ya sauke irin wannan zafin. In an samu ragowar abin da ya sha, a tafi da shi.

Game da idon ɗanki, kwantar da hankalinki. Ƙwayar ido ita ce ta ƙarshen komawa daidai, takan ɗauki kwanaki, wani lokaci mako guda ko fiye. Mantuwar daren ma aikin hayosin ce. Yawancin waɗanda suka tsallake suna dawowa garau. Amma in bayan mako biyu yana jin muryoyi, ko ba ya barci, ko yana zargin mutanen gida, ki kai shi sashen ƙwaƙwalwa a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a Sakkwato. Sannan mahaifinsa ya samu masu bikin da mai unguwa. Zuba wa mutum zakami a abin sha ba wasan samari ba ne, ba da guba ne.

TAMBAYA: Mama, ni ɗalibi ne. Wani abokina ya dawo daga Abuja da 'yar takarda mai zane, ƙanƙanuwa kamar farce, ya ce LSD ce, wani abin maye mai sa gane-gane, a harshe ake ɗorawa. Na karanta a intanet cewa ba ta kisa, kuma likitocin Amurka suna gwada irinta a kan ciwon damuwa. Gaskiya ne?
Wani ɗalibi a Gusau

AMSA: Ɗana, na ji daɗi da ka tambaya kafin ka ɗora, don haka ba zan ɓoye maka komai ba. A cikin abin da ka karanta akwai gaskiya. LSD ta ainihi ba kasafai take tsayar da zuciya da kanta ba, kuma ana binciken irin waɗannan sinadarai a Amurka da Turai. Sai dai a can ana tace majinyata, a cire duk mai tarihin taɓin hankali a danginsu, a auna maganin a ɗakin gwaji, ma'aikata na zaune da mutum har ya sauka. Wanne daga ciki abokinka zai yi maka?

Wani masanin kimiyya mai suna Albert Hofmann ne ya haɗa LSD a 1938 a kamfanin Sandoz da ke Basel, ƙasar Suwizalan. A ranar 19 ga Afrilu 1943 ya sha maikirogiram 250, wato kashi ɗaya cikin 4,000 na giram, yana ganin ya ɗauki kaɗan don taka-tsantsan. Da ƙyar ya kai gida a kan keke, ya ɗauka haukacewa yake ko mutuwa, har aka kira masa likita. Masanin da ya haɗa abin, da ma'auni a gabansa, ya zarce. Kai kuma takarda ce a hannunka.

Ita takardar ba ta faɗin abin da aka jiƙa ta da shi. Akwai wani sinadari, 25I-NBOMe, da aka fara haɗawa a Jamus a 2003. Ya fi arha, ana ɗiga shi a irin wannan takarda a sayar da sunan LSD, kuma shi yana kisa: farfaɗiya, zafin jiki, matsewar jijiyoyin jini, tsayawar ƙoda da zuciya. Mutuwar matasa ce ta sa Amurka ta haramta shi a 2013. Da ido ba ka bambance su.

Ko da ta ainihin ce, awa 8 zuwa 12 za ka yi ba ka mallaki kanka ba, kuma babu allurar da ke kashe ta nan take. Masu rasa rai a kanta yawanci daga bene suke faɗowa, ko su shiga gaban mota. Mai sauri yakan ga shiru ya ƙara ta biyu, su taso masa tare. In akwai tramol a jikinka, haɗarin farfaɗiya ya ƙaru. In kuwa a danginku akwai wanda ya taɓa samun taɓin hankali, shekarunka su ne daidai lokacin da ciwon ke bayyana, kuma dare ɗaya na iya buɗe ƙofar da za mu yi shekaru muna ƙoƙarin rufewa. In damuwa ce ke damunka har ka kai ga wannan binciken, ka zo asibiti mu yi magana, tana da magani. Takardar kuma kada ta kwana a ɗakinka, laifi ne a dokar NDLEA ko ba ka sha ba.

TAMBAYA: Sista, mu nan in mutum ya sha guba madara ko manja muke ɗura masa ya yi amai. Ya halatta ga wanda ya sha zakami?
Wani magidanci daga Talata Mafara

AMSA: A'a Malam, kada a yi. Wanda hankalinsa ya gushe ba ya haɗiya daidai, manjan huhu zai tafi, sai a tsira daga zakami a faɗa ciwon huhu mai tsanani. Madara ba ta karya wannan guba, kuma sa yatsa a maƙogwaro haɗarinsa ɗaya. In an iso da wuri, akwai garin gawayi na musamman da likita kan bayar in ya ga ya dace, ba gawayin murhu ba. Ku faɗa mana abin da ya sha da lokacin da ya sha, ko da abin kunya ne, da shi muke zaɓen allura.