Amsa kan "mai ci"

Assalamu alaikum. Ku yi haƙuri da hayaniyar nan, ina bakin kasuwar Kwari ne, ina jiran ɗan sahu. Ƙanwata, na ji tambayarki, wai yaronki ya ji an ce "gwamna mai ci" a rediyo, ya ce miki to me yake ci. Wallahi sai da na yi dariya ni kaɗai, har mai rake na kusa da ni ya waigo.

To ki gaya masa ba tuwo ba ne. Cin nan shi ne na cin sarauta, kamar yadda ake cewa wane ya ci sarautar Galadima. Mai ci shi ne wanda ke kan kujera yanzu, an rantsar da shi, hatimi na hannunsa. 'Yan jarida kan ce wanda ke kan karagar mulki, ko mai riƙe da muƙamin. A majalisar mai shayi kuwa ba mai wahalar da bakinsa, "na kai" kawai za ki ji, ko "na yanzu".

Inda mutane ke rikicewa shi ne riƙon ƙwarya. Wannan ajiya ce aka ba shi kafin mai abin ya zo, irin gwamnatin Shonekan ta 1993. Muƙaddashi ma haka, kamar Jonathan a 2010 lokacin da marigayi 'Yar'aduwa ke jinya. Ni dai ba na ce wa irin waɗannan mai ci, ko da sun fi mai cin yin jiniya.

Ki duba nan Kano a 2023. Daga zaɓen watan Maris har 29 ga Mayu, Ganduje shi ne mai ci, kuma mai barin gado, Abba kuma mai jiran gado. Ranar da aka yi rantsuwa sai sunaye suka juya, wancan ya koma tsohon gwamna. Idan kuma mai ci ya nemi ya ƙara, shi ne tazarce, kalmar da ta yi tashe tun zamanin Abacha. Ba kullum take yiwuwa ba, ai a 2003 Malam Shekarau ya kayar da Kwankwaso yana kai.

Yauwa, ga ɗan sahun nan. Malam, Gwammaja nawa? Ki gaishe min da yaran.