Me ya sa ake shafa gam kafin a buga ribit?

Ka tambaye ni dalilin da ya sa ba ma ɗora falle a kan shasin mota mu buga ribit (ƙusar da ke haɗa falle da shasi) kawai ba tare da gam ba, tunda ribit ɗin ma yana riƙewa. Ajiye bindigar buga ribit ɗin tukuna, ɗana, ka ji.

Irin wannan mota da ake sayowa gunduwa-gunduwa a harhaɗa a gareji, a Ingila ta yi suna, musamman Lotus Seven ta 1957, wadda kamfanin Caterham ya sayi izinin ƙera ta a 1973. Shasinta bututun ƙarfe ne, fallayen jikin kuma alminiyam. To, ƙarfe da alminiyam ba sa ga maciji da juna in ruwa ya shiga tsakaninsu. Alminiyam ɗin ne ke cinyewa, ka ga farin gari yana fitowa a gefen ribit. A Ingila abin ya fi muni, don suna zuba gishiri a titi lokacin sanyi. Gam ɗin shi ne katangar da ke raba ƙarfen da alminiyam ɗin, riƙon ma ƙari ne.

Ka goge wajen da tina, ruwan nan na tsinka fenti, ya bushe, ka ja layin gam na foliyuretan, irin su Sikaflex, ba tare da yankewa ba. Ka buga ribit tun yana ɗanye. Wanda ya tsattsafo ka share shi nan take, in ya kwana sai wuƙa.

Silikon na magina kuwa, kada in gan shi a hannunka. Ba ka ji warin tsamin da yake yi ba? Wannan asid ɗin yana sa tsatsa, fenti kuma ba ya kama shi. Na taɓa sake fentin gefen mota ɗungurungum saboda wannan ganganci, daga aljihuna.

Batun zafi, wajen ƙafafu ne matsalar, don inji da salansa suna nan kusa. Tabarma mai fuskar azurfa za ka liƙa ta ɓangaren inji, ƙyallin na kallon zafin. Kada ka cusa soson katifa, ruwa yake sha ya riƙe. Duk hudar da waya ta ratsa ka sa mata zoben roba, don hayaƙin salansa yana kisa ba tare da mutum ya ankara ba.

Amma ƙananan hudojin nan biyu na ƙasan bodi, bar su a buɗe. Motar ba rufi, dole ruwa ya shiga, ta nan zai fita. Miƙo min tinar nan.